Abin da Ke Bayan Bulon

Ranar Laraba, sha huɗu ga Maris, 2012, da ƙarfe shida da minti goma na yamma, na shiga sitonmu da ke Port Saeed, a ƙasar Larabawa, tare da abokin kasuwancina, Alhaji Maharazu. Tsofaffin kwamfutoci muka saya za mu aika Kano. Ƙa'idata ce, na'ura ba ta shiga kwantena sai na ga ta kama da idona.

Ta ƙarshen tsohuwa ce ƙwarai. Da muka kunna ta, wasa ɗaya ya bayyana: bangon bulo a sama, ɗan katako a ƙasa, da ƙwallon da ake tarewa yana rushe bulon.

"Malam, ka san wannan?" Maharazu ya ce yana dariya. "Ko a makarantarku ta Turawa ba a koya muku ba?"

"Gwaji muka zo yi, Alhaji. Magariba ta kusa."

Ya zauna duk da haka. Ya huda bangon wasan ta gefe, ƙwallon ya shige bayansa.

Bai dawo ba. Bulon ya fara zubewa daga ciki. Kowane ya ɓace, sai bangon sitonmu ya amsa. Ƙum. Ƙum.

Ƙurar siminti ta zubo mini a hula. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, irin na sabon kabari.

"Khalas, ya isa haka, Alhaji. Tashi."

"Malam," ya raɗa, "hannun ba nawa ba ne."

Ƙwallon ya faɗo, yatsunsa suka tare, suka mayar. Idanunsa a rufe.

Na zare wayar daga soket. Allon bai mutu ba.

Bangon siton ya tsage. Wani abu yana numfashi a bayansa.

Sai na fahimta: ba mu muke shiga ba, shi ke fitowa, da hannun abokina.

Na yi bisimilla, na danne yatsunsa da duk nauyina. Na ji ƙashi ya karye. Katakon ya tsaya.

Ƙwallon ya wuce.

Daga cikin tsagar, aka yi tsaki.

Har yau yatsun Maharazu biyu ba sa lanƙwasuwa, kuma bai taɓa zargina ba. Ban aika na'urar ba, domin a gidan wani za ta sauka, gaban 'ya'yansa. Na kulle ta a siton, ina leƙawa duk Juma'a, allon har yau bai mutu ba. A ranar farko na ƙirga bulo bakwai da suka rage a allon.

Jiya na rubuta: saura huɗu.