Farashin Dogo a Wayar Auta

Auta tana durƙushe tana wanke kwanuka a tsakar gida Yaya ya shigo ya wurgar da jakar kayan aikinsa, filaya da sukudireba suka watse a kan siminti. Ko gaisuwa bai yi ba ya hau faɗa, wai mai shagon ɗinki ya fasa ba shi aikin fanka da soket, ya ba Dogo.

"Saurayinki zai kashe min kasuwa, ke kuma kina nan kina washe masa baki," in ji shi.

Yaya da Dogo sana'arsu ɗaya, gyaran wutar lantarki, kuma a layi ɗaya suke neman kwastoma. Dogo ba ya arha. In an kira shi sai ya auna bango, ya ware kuɗin kaya daban, na aikinsa daban, in ya faɗa kuma ba ya sauka. Duk da haka ana nemansa. Abin ya tsaya wa Yaya a maƙogwaro, tun ma ba da Dogo ya fara neman auren Auta ba. Mama kuwa bayan ɗanta ta bi, ta ce wanda zai cire wa ɗan gida loma a baki bai isa ya zama surukinta ba.

Can sai abu ya juya. Duk inda Dogo ya ba da farashi, kafin washegari Yaya ya je ya rage kaɗan ya karɓe aikin. Haka aka yi a kantin magani, haka a shagon aski, har wajen wata tsohuwa da ke son a sa mata ƙwan fitila a ɗaki. Dogo ya zo wurin Auta fuska a murtuke, ya ƙi ko zama.

"Ke kaɗai nake turo wa abin da na caji mutane, don ke kike cewa in riƙa ba ki labarin wunina. To ta ina yayanki yake ji?"

Ta rantse ta kuma rantsewa. Ya ce shi bai ce ita ba ce, amma bai kalle ta ba da ya faɗa. Ya tada babur ya tafi, ta shige ɗaki ta kifa kai a filo ta sha kukanta.

Washegari da hantsi ta fito daga wanka ta tarar da Yaya tsaye a ɗakinta, wayarta a hannunsa, Mama a bakin ƙofa tana masa gadi. Ashe Mama ce ta haddace lambar buɗe wayar ta ba shi.

"Mama, har da ke?"

"Har da ni. Wannan ni na haife shi. Dogon naki me ya haɗa ni da shi?"

Yaya ya cilla wayar kan katifa ya ce bizines ne, in ba ta so ta auri likita. Ranar kuma Mama ta kafa doka, kada ta sake ganin ƙafar Dogo a ƙofar gidanta.

Auta ta kira shi ta zayyana masa komai. Ya nemi ta yafe masa zargin da ya yi. Ita kuwa zuciya na cinta ta ce ba za ta canza lambar ba, ya turo farashin ƙarya mai araha, Yaya ya rage a kai ya karye.

"A'a, Auta. Gobe kawun 'ya'yana ne. Canza lambarki kawai."

Ta canza. Watanni suka shuɗe ba sa haɗuwa sai a waya, a gida kuma gaisuwarta ma da ƙyar ake amsawa. Yaya ya ci gaba da karya farashi a makance don kada Dogo ya samu. Haka ya karɓi aikin gidan burodi a kuɗin da ko wayoyin wuta ba zai saya ba. Ya farfasa bango, kuɗi suka ƙare, aiki ya tsaya. Mai burodi ya zo har ƙofar gida yana zagi, ya zare makullin babur ɗin Yaya, ya ce in mako ya cika ba a gama ba sai dai su haɗu a ofishin 'yan sanda. Mama ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka.

Mai burodi ya nemi Dogo ya ƙarasa. Dogo ya ce zai yi, amma a ƙaro kuɗin kaya na gaskiya, shi ba zai karɓi ko sisi na aikinsa ba, kuma a mayar wa mai babur babur ɗinsa su yi aikin tare. Shi da Yaya suka wuni suna jan wayoyi. Sai da aka kunna wuta injin ya tashi, Yaya ya ce, yana kallon bango, "Gobe ka nuna min yadda kake lissafin nan naka."

Bai taɓa ba da haƙuri da bakinsa ba. Amma shi ya tisa Mama a gaba har ta aika a kira Dogo, kuma shi ya tsaya kan hidimar auren har aka gama.

Da Dogo ya biye wa fushin Auta, da ya ci gasar ya rasa dangin matarsa. Mai karya farashi don hassada kansa yake karyawa, kuma haƙuri da ɗan'uwan wanda kake so, ko ya cuce ka, yana cikin son.