Ranar da Auta Ya Ƙi Yayarsa

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, mai son ƙaninta kamar ranta. Ƙanin jariri ne ɗan wata bakwai, kowa Auta yake ce masa. Ita kuwa tun da aka haife shi sunanta ya ɓace. Ta koma Yaya, har a bakin Umma da Baba.

Goyo, wasa, rarrashi, duk Yaya ba ta gajiya. Abu ɗaya ne ba ta so, shi ne canjin ƙunzugu. Da an ambace shi sai ta yatsine fuska kamar ta sha magani mai ɗaci.

Da aka yi hutun makaranta, aiki ya yi wa Umma yawa. Ita tela ce, shagonta yana bakin titi, ba nisa da gida. Sai ta riƙa haɗa wa Auta madararsa, ta bar shi wajen Yaya da safe, ta dawo da rana. Ta ja mata kunne cewa da ƙunzugu ya jiƙe ta canza shi. Yaya ta ce to, amma to ɗin a baki ya tsaya.

Sai ta ƙirƙiro wata dabara. Takan sunsuna ƙunzugun, idan ba kashi ba ne ta bar shi. A ganinta, fitsari ai ruwa ne, me zai yi wa mutum? Idan lokacin dawowar Umma ya kusa, sai ta yi maza ta canza. Umma ta taɓa ta ji a bushe, ta sa mata albarka. Kai, yaro da wayo!

A kwana na uku, Umma tana yi wa Auta wankan yamma, sai ta ga gindinsa ya yi ja. Ta kira Yaya.

"Sau nawa kike canza masa kafin na dawo?"

"Sau uku, Umma," in ji Yaya, idonta a ƙasa.

Umma ta sake duba wurin. Can ta ce to lalle sabon sabulun da ta sayo ne, laifinta ne da ta canza. Ta ɗauki sabulun ta jefar. Yaya ta san ba sabulun ba ne, amma ta bar Umma a haka.

Washegari ta yi niyyar gyarawa, Allah ya sani. Amma ƙawayenta suka zo da igiyar tsalle. Wasa ya yi daɗi, ta manta da komai. Kukan Auta ne ya dawo da ita ɗaki.

Da ta buɗe ƙunzugun, sai ta ga abin ya ƙaru. Wurin ya yi jajur, ga ƙananan ƙuraje har cinyoyinsa. Idan Umma ta ga wannan, asirinta ya tonu.

Sai ta tuna da man zafin Baba. Baba kafinta ne. Kullum ya dawo daga aiki yakan shafa shi a bayansa, ya ce ba ciwon da man nan ba ya ɗaukewa. Yaya ta taka kujera, ta ɗauko kwalbar daga kan taga. Ta lakato da yatsa, ta shafa wa Auta.

Wayyo, da ma ba ta yi ba. Auta ya sandare, ya buɗe baki, numfashinsa ya ɗauke. Sannan ya ƙwala wata irin ƙara da ba ta taɓa ji ba. Ita ma ta ji yatsanta yana yaji. A nan ta gane abin da ta yi. Ta sungume shi ta nufi shagon Umma a guje, ko takalmi babu.

Umma tana jin warin man ta tashi daga kan keken ɗinki. Ba ta tsaya faɗa ba. Ta wanke Auta da ruwa mai yawa, sannan suka nufi asibitin unguwa.

Malamar asibiti ta duba Auta. Ta ce Allah ya taƙaita, an wanke man da wuri, amma kada a ƙara kusantar jariri da shi. Sai ta tambayi Umma sau nawa ake canza masa ƙunzugu. Umma ta ce sau uku kafin rana ta raba, 'yarta ba ta wasa da shi.

Malamar ta girgiza kai. Ta ce fatar yaron ba haka ta nuna ba, wannan fitsari ne ya daɗe a jikinsa har ya ci shi. Ta yi wa Umma faɗa sosai, ta ce ɗinki bai fi ɗa ba. Umma ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗigo a kan rigar Auta.

Yaya ba ta taɓa ganin Umma tana kuka ba. Abin ya fi mata bulala zafi.

"Malama, ba laifin Umma ba ne," in ji Yaya. "Sau ɗaya nake canza masa. Ƙarya na yi mata."

Umma ta ɗago ta dube ta. Sannan ta goya Auta, suka koma gida.

A gida Umma ta bi abin da malamar ta faɗa. Da ƙunzugu ya jiƙe, ta cire shi nan take. Ta wanke Auta da ruwan ɗumi, ba sabulu mai ƙamshi, ba hoda. Ta ɗan danna wurin da tsumma mai laushi har ya bushe, ba ta gogawa. Ta shimfiɗa tawul, ta bar shi ba ƙunzugu ya sha iska. Daga baya ta shafa masa farin man da aka ba su a asibiti, ta ɗaura sabon ƙunzugu sako-sako. An ce idan ya kwana uku bai yi sauƙi ba, ko jikinsa ya yi zafi, a mayar da shi.

Yaya ce mai kawo ruwa da wanke tsumma, ba tare da an sa ta ba. Amma da ta miƙa wa Auta hannu, sai ya juya baya, ya ƙanƙame Umma yana kuka. Ta yi masa waƙa, ya ƙi. Ta kaɗa masa cokali a kofi, ya ƙi. Ta koma bayan ƙofa ta yi ta kuka.

A nan Baba ya same ta. Ya zauna kusa da ita.

"Baba, Auta ya tsane ni."

"Bai tsane ki ba, Yaya. Zafi ya tuna. Ki yi ta kyautata masa, zai tuna da wannan ma."

Ya ce su ma sun yi kuskure da suka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Daga ranar Umma ta riƙa tafiya da su biyun shago.

Bayan kwana huɗu da zuwa asibiti jan ya tafi, ƙurajen sun bushe. Umma tana yanka yadi, Auta ya jiƙa ƙunzugu. Ba ta tashi ba. Ta dubi Yaya ta ce, "Tashi ki canza masa. Na yarda da ke."

Yaya ta durƙusa a hankali. Ta wanke shi, ta busar da shi, ta shafa farin man. Auta ya zuba mata ido, ya ɓata fuska kamar zai yi kuka. Sai kawai ya kama yatsanta, ya ƙyalƙyale da dariya. Yaya ta rungume shi, tana dariya tana hawaye.

Tun daga nan ta koyi darasi. Jariri ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, don haka amanarsa babba ce. Kada yaro ya ba ɗan'uwansa magani ba tare da ya tambayi manya ba. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, tun kafin wani ya sha wahala saboda kai.