Hannun da Ya Soki Baƙo

"Ke ce kika soki baƙo?"

Zakiyya na durƙushe a tsakar gidan su Abdurrahim a Aujara, ta'aziyya ta kawo ta, mahaifiyarsa Hajiya Indo ta jefo mata tambayar a gaban mata.

A gidan nan ba a kiran ƙyanda da sunanta, baƙo ake cewa. Kuma yaron da baƙo ya sauka a jikinsa ba a kusantarsa da allura, wai fushi yake ya koma ciki.

Saura wata guda aurensa da Zakiyya, Abdurrahim ya ɗauko Hassana, 'yar ƙanwarsa, a ɓoye har Dutse, ɗakin gwajin da Zakiyya ke aiki. Zazzaɓi, jan ido, ƙuraje tun daga bayan kunne.

"Taimake ni, hasken idona..."

Shi ya riƙe hannun yarinyar ta ɗebi jini, aka tura a akwatin sanyi. Likita ya ce a kwantar da ita, gogan ya ce za a yi cigiyarta a gida, ya saɓe ta ya tafi. Kwana huɗu ta rasu. Munira, 'yar ƙanwar Hajiya da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Abdurrahim, ita ta hango tabon allurar wajen wankan gawa, kuma ba ta bari ya huce ba.

Zakiyya ta ɗago ta dubi Abdurrahim, yana tsaye bakin zaure. Magana ɗaya take jira: ni na kai ta.

Ya sunkuyar da kai.

"Hajiya... dubawa kawai na ce ta yi. Ban san jini za ta ɗiba ba."

Mutuwar yarinyar ta yi mata zafi, amma wannan ta fi cin ranta. Kafin sadakar bakwai an zo an kwashe lefe.

Sakamako ya fito, ƙyanda ce. Masu rigakafi suka sauka a unguwar, mai unguwa ya sa baki, har sauran jikokin Hajiya aka miƙa. Ba a sake ɗaukar gawar yaro ba.

Sai ga Abdurrahim a ƙofar ɗakin gwaji, ya rame, yana rantsuwa tsoron Hajiya ne, yanzu kowa ya gane, ta yi haƙuri.

Har yanzu tana sonsa, abin haushin ke nan. Ta ci gaba da jera kwalabenta.

"Malam Abdurrahim, jinin Hassana sai da ya kwana tara kafin sakamakonsa ya fito. Naka a tsakar gidanku ya fito, a gabana."