Akwatin da Ya Yi Shara

Ƙarfe tara na safe aka bugo waya caji ofis daga filin wasan golf da ke kan hanyar Maska. An tsinci ɗaya daga cikin ƙananan motocin da 'yan wasa ke hawa a cikin kududdufi, an kuma cire akwatin GPS ɗin da ke jikinta, mai nuna inda motar take.

Insifeto Sada dai bai taɓa gane abin da zai sa ƙato da hankalinsa ya wuni yana bin ƙwallo kamar ƙwan zabo ba. Amma ya ɗauki hularsa ya tafi.

Manajan filin, Alhaji Bature, ya tare shi yana huci.

"Liatu ce ta kawo mana wannan na'ura. Wai duk motar da ta bar hanyarta ta hau fili, nan take za ta mutu. To ga mota a ruwa. Yau za ta bar aiki, kuma ka tafi da ita."

"Alhaji, bari in yi tambaya tukuna."

Ya sami Liatu a ofishinta, sabuwar fanka na juyawa, idanunta sun yi jawur.

"Ƙarfe nawa kika zo?"

"Bakwai, yallaɓai."

"Maigadi ya ce takwas da rabi."

Ta sunkuyar da kai. "Daga Dayi na taso, wurin mahaifiyata. Tsoron Alhaji na ji."

"Mota za ta iya barin hanya?"

"Sai an cire akwatin an haɗa wayoyin."

Sada ya bi sawun motar. Bakin ramukan da ake jefa ƙwallo a ciki ba ciyawa, yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, kullum da safe sai an ja buhu a kansa a zagaye don ya kwanta. Sawun ya keta fili kai tsaye, amma da ya iso yashin sai ya kauce masa. Maɓarnaci mai tausayin yashi, Sada bai taɓa gani ba.

Can ya ga wani tsoho da buhu a kafaɗa. Baba Bitrus ke nan, wanda tun 1979 yake filin.

"Baba, ka ga wani da safe?"

"Ban ga kowa ba. Ni yanzu shara ce tawa. Ka tambayi mai fanka."

Yadda ya furta "mai fanka" kaɗai ya ishi mai kunne. Hassada ce tsagwaronta, ba ta ko ɓuya.

Sada ya koma ofishin Liatu. "In an cire akwatin, mutuwa yake yi?"

Liatu ta ɗago. "Akwai batir a ciki. Kuka ya hana ni dubawa."

Ta buɗe taswira a kwamfuta. Wani jan layi ya taso daga kududdufi yana tafiyar ƙafa. A rami na ɗaya ya yi ta zagayawa kamar maganin sauro, haka a na biyu, haka har na tara.

Aka kira Baba Bitrus. Akwatin na cikin aljihun rigarsa. Bawan Allah ya ɗauka abin ya mutu, ya wuce ya yi shararsa da shi.

"Ni ne," ya ce. "Shekara arba'in, in na busa usur, ko wane babban mutum ne sai ya mai da motarsa kan hanya. Ita wata uku kawai, aka ba ta ofis, aka tafa mata gaban baƙi. Ni ko sunana ba a kira ba. Kullum na wuce tagarta sai in ji kamar an zuba mini barkono a ciki. So na yi a ce abin nata ƙarya ne."

Liatu ta dube shi. "Baba, ranar da aka kawo na'urar Alhaji ya so ya sallame ka. Ni na roƙe shi ya bar ka."

Tsohon ya juya ga Alhaji Bature. Alhaji ya gyaɗa kai.

Baba Bitrus ya miƙa wa Insifeto hannuwansa biyu.

"Ashe sharar ma ke kika ba ni," ya ce. "Da kin bari ya kore ni."

Sada bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe shi a kafaɗa suka nufi mota.