Wa Ke Ce Min Alhaja?

Saudat ta ci amanar gidan da ya riƙe ta. Ba kuskure ba ne, kuma kada a ɗora wa Shaiɗan. Da hankalinta ta yi, da yatsunta, sai dai Najiba ce ta fara shan wuyar abin.

Durƙushe Najiba take a tsakar gidan Hajiya Azumi mai waina, a nan unguwar Sabo, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Kwana kaɗan ya rage a ɗaura mata aure da Sharfuddeen, ɗan Hajiya.

"Ni za ki tozarta a idon duniya?" in ji Hajiya. "Ni ce mai suya da ruɓaɓɓen mai?"

"Wallahi Hajiya ban rubuta ba..."

"A shafin wa ya fito?"

"A nawa... amma..."

"To tashi ki ba ni wuri! Tun safe tanda ke kan wuta, ba wanda ya miƙo kwano. Auren nan na fasa shi!"

Ga yadda abin yake. Najiba tana da shafi a intanet inda take ba da labarin matan Sabo masu sana'a a cikin gida: mai ƙosai, mai ɗinkin hula, mai dakan yaji. Da can a waya take rubutu har yatsunta su yi tsami, sai ta fara zuwa shagon buga takardu na Sharfuddeen a bakin unguwar Mokola. Shi ya haɗa manhajar rubutu ta kwamfutarsa da shafinta, in ta gama sai ta danna wallafa kawai, rubutun ya hau kai tsaye. Da ya ga ta cika mantuwa, sai ya sa kwamfutar ta riƙe kalmar sirrinta. A kan wannan kujerar suka shaƙu, yana nuna mata inda ƙa da ɗa suke ɓuya, tana yin kamar ta manta don ya sake matsowa.

Bayan korar, a bakin titi Sharfuddeen ya cim mata, tana ƙoƙarin tsayar da keke.

"Jiba!"

Ba ta juyo ba.

"Jiba, don Allah ki dube ni."

"Ka zo ka tambaye ni ko ni na rubuta?"

"Na zo in ba ki hankicina. Idonki ya yi ja kamar attarugun kasuwar Bodija."

Dariya ta so kuɓuce mata, kuka ya rinjaye ta.

"Sharfu, Hajiya nake yi wa kallon uwa. Yaya zan yi mata haka?"

"Na sani, hasken idona. Laifina ne. Duk wanda ya zauna a kujerar nan zai iya wallafa abu da sunanki, ni na bar ƙofar a buɗe."

"To wa ya zauna?"

Mutum ɗaya yake bar wa shago in zai tafi masallaci: Saudat, 'yar ƙanen Hajiya, wadda ta tashi a Mokola har bakinta ya kama yaren can, daga baya Hajiya ta ɗauko ta riƙo, shi kuma ya ba ta aikin buga takardu. Kowa a gidan ya san ta daɗe da sa rai da shi.

"Kada ka kama sunan kowa ba hujja," in ji Najiba a hankali. "Na san zafin ƙage, yau na ɗanɗana."

Ya daɗe yana kallonta.

"Kin karanta rubutun har ƙarshe?"

"Na kasa."

Ya buɗe wayarsa, ya bi layi-layi, sai ta ga fuskarsa ta canza.

"Mu koma."

"Ta kore ni fa!"

"Ki tsaya a bayana. In za a sake kora, mu biyu za a kora."

Sun tarar da Hajiya zaune gaban tulin wainar da ta huce, Saudat na yi mata fifita.

"Alhaja mi, ki daina sa abin a ranki," take cewa. "Allah ne ya nuna miki halinta tun da wuri."

Hajiya ta ɗago, ta ga Najiba, ta haɗe rai.

"Ban ce ki fita ba?"

Sharfuddeen ya durƙusa.

"Hajiya, wa ya karanta miki rubutun nan?"

"Ina ruwanka? Ka san ban iya boko ba. Maƙwabta suka faɗa min abin da ke ciki."

"Abin da ke ciki suka faɗa miki. Ki bari in karanta miki shi yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. In na gama kika ce a fasa, na haƙura."

Najiba ta ɗago kai. Ta dube shi, bai dube ta ba.

"Karanta."

Ya fara: "Jama'ar Sabo ku yi hattara da wainar Alhaja Azumi. Man da Alhaja take suya da shi..."

"Tsaya!" Hajiya ta ɗaga hannu. "Wa?"

"Alhaja Azumi."

"Haka aka rubuta?"

"Daga farko har ƙarshe."

Hajiya ta juya ga Najiba.

"Ke, ya kike kirana?"

"Hajiya..."

"Tun ranar da kika fara gaishe ni na ce miki ban son a ce min Alhaja, ba ki ƙara ba. Duk Sabo an san haka." Ta juya a hankali. "Mutum ɗaya ne na yi faɗa har na gaji, bakinsa ya ƙi sabawa."

Maficin ya tsaya a hannun Saudat.

"Alhaja mi, wallahi ni..."

Ta kama bakinta, amma kalmar ta riga ta fita.

"Saudatu! Wainar da kike ci kullum?"

"Ni ba ke na nufa ba!" ta fashe da kuka. "Ita na so a kora! Ni na fara son Yaya Sharfu!"

Wannan ba so ba ne, son kai ne, kuma yarinyar da ba ta bambance su ba za ta ƙona gidan da take kwana a ciki.

Hajiya ta miƙa wa Najiba hannu.

"Zo nan, 'yata. Na yi miki hukunci da bakin mutane. Ki yafe min."

Najiba ta faɗa jikinta tana kuka. Hajiya ta ɗauki waina ɗaya, ta tsoma a miya, ta kai mata baki.

"Ci. Ta huce, amma da sabon mai na soya ta."

"Ni fa, Hajiya?" in ji Sharfuddeen.

"Kai je ka rufe ƙofar da ka bari a buɗe!"

Da yamma ya goge kalmar sirrin daga kwamfutar. Najiba ta zaɓi sabuwa, ta ƙi faɗa masa.

"Ko ni, Jiba?"

"Sunanka ne fa... amma sai ka gano wanne daga cikin waɗanda nake kiranka a raina."

An ɗaura auren a ranar da aka sa, kuma da wainar Hajiya aka ciyar da baƙi.

Saudat kuwa an zaunar da ita a kujerar nan, ta rubuta abin da ta aikata da cikakken sunanta, ta danna wallafa da hannunta. An sallame ta daga shago, an mayar da ita gidan ubanta a Mokola, kuma ba a ba ta ankon biki ba.