Katin Gaggawa

Ranar Juma'a ce bayan saukowa daga masallaci. Hajiya I'itimad ta zuba wa ɗanta Dakta Wa'il miyar lalo a kan shinkafa, ta ɗora masa cinyar zomo, ta tura wa matarsa Rihab wuya da ƙashin baya. Duk wanda ya san Hajiya a unguwarmu ta garin Damanhur ya san in ta fara rabon nama da hannunta, akwai magana.

"Daga gobe kati biyu za a riƙa sayarwa," in ji ta. "Fari ga mai bin layi, kore ga mai gaggawa. Kuɗin koren ninki biyu, yana biya yana shiga. Kowane likita a titin nan haka yake yi."

Gidan bene ne nasu. Hajiya a ƙasa, ɗakin duba marasa lafiya a tsakiya, ma'auratan a sama. Rihab ce ke zama a teburin bakin ƙofa tana ba da kati, aikin da ta ɗauka don son mijinta, ko sisi ba a biyan ta.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, ai mai kuɗi ba lallai ya fi ciwo ba."

"Au, wa'azi za ki yi mini? Gonar ubana na sayar na kai yaron nan makarantar likita. Albashinsa na asibitin gwamnati ko naman wata ba ya saya. Lantarki kyauta ake ba mu? Shi likita iska yake ci?"

Gaskiya Hajiya ba ƙarya ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta yi wuyar turewa. Rihab ta dubi mijinta. Wa'il mutum ne mai taushin hali, yana son matarsa kamar ransa, amma a gaban uwarsa bakinsa mutuwa yake yi. Ya ce a hankali, "Mu gwada, Rihab. In ba ta yi ba, sai mu bari."

Suka gwada, kuɗi kuwa ya shigo. Hajiya ta sa aka hau mata da kujera ta dasa kusa da teburin, wai ƙafafunta sun fi son iskar sama.

Wata la'asar wani dattijo ya hawo benen yana hutawa a kowace matakala. Sunansa Baba Maugud, manomin albasa daga wani ƙauye. Ya kwance ƙullin hankici ya biya farin kati, ya juya ga jama'a ya yi tambayar da kowa ke yi in ya shigo irin wannan wuri: "Waye na ƙarshe?" Wata mata ta ɗaga hannu. Ya ce, "To, ina bayanki." Ya zauna a ƙarshen benci, jikin taga.

Ranar masu koren kati suka yi ta zuwa. Rihab na kallon dattijon, zufa na keto masa, yana murza ƙirji. Ta raɗa wa surukarta, "Mama, a bar shi ya shiga, launinsa ya sauya."

"Wanda ya biya fa? Ki mayar masa da kuɗinsa daga aljihunki?"

Rihab ta miƙe za ta leƙa wajen mijinta, Hajiya ta damƙe mata hannu. Dattijon ya lura da su, ya yi murmushi ya ce, "Kada ki damu 'yata, layi zai zo kaina."

Dab da magariba layin ya zo. Rihab ta kira sunansa, shiru. Ta sake kira. Yana jingine da bango, idonsa a kan labulen ƙofar likita, katinsa a hannu. Da Wa'il ya fito ya taɓa wuyansa, jikin har ya soma sanyi.

Bayan 'yan uwansa sun ɗauke shi, Rihab ta kwashi koren katin duka ta ajiye a gaban Hajiya, hawaye na zuba. "Ki yafe mini Mama. Zan yi miki wanki, zan yi miki girki, amma hannuna ba zai sake taɓa wannan ba."

"Kwanansa ne ya ƙare! Ke za ki raya shi?" Hajiya ta juya ga ɗanta. "Ko ta koma teburin nan yadda na ce, ko ta koma gidan ubanta. In ta kafe kuma ka sallame ta, in dai nonona ka sha."

Haka Rihab ta koma gidansu da 'yar jakarta. Mahaifinta ya fusata, ya ce zai je ya karɓo mata takarda da kansa, ta riƙe rigarsa ta ce, "Baba, ba yaji na yi ba. Mijina mutumin kirki ne, tsoron uwarsa yake ji, ba zan ƙara masa wuta ba." Wa'il kan zo ya tsaya a ƙofa, duk ya rame.

"Ki dawo don Allah. Gidan ya yi mini girma."

"Ni ma ba barci nake ba, Wa'il. Ina sonka yau fiye da ranar aurenmu. Amma ni na karɓi kuɗin mutumin nan, ni na ce ya zauna."

Hajiya ta hau teburin da kanta. A nan abin ya soma.

Wata la'asar Hajiya ta ce, "Na gaba ya shiga." Ba wanda ya motsa. Ta nuna wani saurayi da ke farkon benci. "Kai, ba kai ba ne?"

"A'a Hajiya, akwai dattijon da ya riga ni."

"Wane dattijo?"

"Mai jallabiya ruwan ƙasa. Da na tambayi na ƙarshe, shi ya ɗaga hannu." Ya waiga wajen taga. "Yanzu fa yana nan. Ko alwala ya fita?"

Hajiya ta yi tsaki ta tura shi ciki. Washegari wata mata mai goyo, daga wani ƙauye daban, ta faɗi magana iri ɗaya. Bayanta wani malamin makaranta. Mutanen da ba su san juna ba, ba su taɓa jin sunan Baba Maugud ba, kowa sai ya ce yana bayan dattijon. Ɗaki ya cika maƙil, wasu a tsaye, amma ƙarshen bencin nan ba mai zama. In an ce wani ya matsa can, sai ya dubi mai maganar da mamaki ya ce, "A kan mutum?"

Hajiya ta sa aka wanke wurin da ruwan gishiri, ta turara lubban, ta kunna karatu tun daga safe. Ta sa aka fitar da bencin. Jama'a suka ci gaba da barin gurbin, suna kewaye shi in za su wuce.

Sai ranar da wani mai shagon zinare ya zo da ƙaton tumbinsa ya sayi koren kati. Ya nufi ƙofa yana kaɗa makullin mota. Yana kaiwa ga labule ya tsaya cak, ya ja da baya, ya dafa ƙirji cikin ladabi ya ce, "Haba, ka riga ni. Bismillah, Baba." Ya tsaya yana jira. Ba iska a ɗakin, fanka ma a kashe take. Daga ciki Wa'il ya ji tarin tsoho a bayan labulen, ya ajiye biro, ya kasa cewa a shigo.

Ranar da wuri aka watse. Hajiya ta rage ita kaɗai tana tattara kati, rana ta yi ja a taga. Sai ta ji murya kusa da kafaɗarta, a hankali, ba fushi a cikinta ko kaɗan:

"Hajiya, layin bai zo kaina ba?"

Ba ta waiga ba. Ta sauka benen ba takalmi, ta tari ɗan tuktuk, mai keken haya mai ƙafa uku, sai gidan su Rihab. Matar da ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba a unguwarmu ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

"'Yata, na zalunce shi, na zalunce ki. Ki dawo ɗakinki."

Rihab ta durƙusa ta ɗaga ta, ta share mata fuska da gefen mayafinta. Ba ta ce mata ai na faɗa ba. Ta ce, "Zan dawo Mama. Amma gobe mu je ƙauyensu mu faɗa wa iyalinsa gaskiya."

Suka je su uku. Wa'il ne ya yi magana, karo na farko da ya yi ta a gaban uwarsa ba tare da ya dubi fuskarta ba. Matar marigayin ta ce, "Ya sayar da buhun albasa don ya gan ka. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da aka buɗe ɗakin da la'asar, an mayar da bencin jikin taga, kati iri ɗaya ne kawai a kan tebur. Kafin Rihab ta kira kowa, ta miƙe ta ɗage labule da hannunta ta ce, "Baba Maugud, layi ya zo kanka." Wa'il ya tashi tsaye a ciki, hawaye na bin gemunsa. Can Rihab ta saki labulen ta ce, "Na gaba." Wata mata ta miƙe ta shiga ba tare da ta waiga ba, wani yaro kuma ya zauna jikin taga.

Rihab ta samu mijinta da surukarta duka, don ta yi haƙuri ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma sayar da gaskiyarta ba. Ku da ke tasowa ku riƙe wannan: likita na da haƙƙin guminsa, a biya shi ba ƙorafi. Amma wanda ya fi ciwo shi ke fara shiga, kuma wannan ba na sayarwa ba ne.