Ranar da Yaya Ya Karya Hannun Dogo

Auta na shara a tsakar gida Inna ta faɗo ko sallama babu, ta ce ta tattara kayanta, zamanta da Dogo ya ƙare. An kama mijin nata da ƙwaya a aljihu, yana can ɗaure a gonar yayanta inda yake leburanci.

Auta ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta tarar an ɗaure shi jikin tayar tarakta, Yaya na tsula masa bel ɗin injin sussuka. Dattawan ƙauye sun fara tambayar mai shigo musu da ƙwaya, shi ne Yaya ya sami wanda zai nuna. Leburori sun kewaye, wasu har da dariya.

Auta ta faɗa kan mijinta, bel ɗin ya sauka a gadon bayanta.

"Matsa ko in haɗa da ke," in ji Yaya. "Ɗan ƙwaya ai ba mutum ba ne."

"Yaya, wa ya koya masa? Ba kai ke raba musu da safe don su yini ɗaukar buhu ba gajiya ba?"

Yaya ya ɗauki sifana ya sauke a hannun Dogo na dama. Kowa ya ji ƙarar ƙashin, ba wanda ya motsa.

A baro ta tura shi asibiti, ita kaɗai. Baba ya aiko cewa ta tona wa ɗan'uwanta asiri saboda mashayi, kada ta sake taka masa gida. Dogon ma bai bar ta ta huta ba. Da jikinsa ya fara neman ƙwayar, ya yi ta amai da karkarwa, ya roƙe ta guda ɗaya tak, da ta hana ya zage ta tas. Takan fita baya ta sha kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

Kafin wata kakar ya rabu da ƙwayar. Hannun dai bai miƙe ba. Da hagu yake kiwon kajinsu, da hagu ya karɓi ɗansu na fari. Ranar haihuwar Inna ta zo, ta daɗe a ƙofa kafin ta shigo. Yaya bai taɓa ba da haƙuri ba, gonarsa kuma na nan cike da sababbin leburori masu jajayen idanu.

Duka ya nakasa Dogo ne kawai, bai raba shi da ƙwaya ba. Haƙurin matar da ta ƙi guje masa ne ya raba su.